Maƙogwaron Aro

Shekara tara rediyon mahaifina bai ce uffan ba.
Fitilun cikinsa suna da rai,
in an kunna sai su yi ja a hankali
kamar garwashin da aka tone daga toka,
amma bakin ya mutu.
Gara ta ci gefen takardar, ɓera ya ƙarasa saura.

Na naɗe shi a zanen gado,
na rungume shi a bayan kabu-kabu
daga Garin Malam har bayan kasuwar Dole,
inda Bra Kyari ke zaune tsakanin gawarwakin akwatuna,
ƙarfen dalma na hayaƙi kusa da kofin shayinsa.

Bai tambaye ni kuɗi ba, shekarun rediyon ya tambaya.
Ya kwance ƙusa huɗu, ya ajiye a murfin kwalba,
ya goge lambar da ta kusa ɓacewa da yawu da babban yatsa.
"Om huɗu," in ji shi. "Mai siffar ƙwai.
Ba kowace hula ke zama a kowane kai ba."

Na ce ai ga sababbi can shagon Lawali,
cikin leda, jikka biyu.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Sabo yaro ne mai ci da yawa.
Fitilun nan ɗan abin da ke gare su
a bakin zane yake ƙulle, kamar kuɗin tsohuwa.
Takarda marar nauyi suke so,
wadda numfashi kaɗan ke motsawa."

Daga ƙarƙashin tebur ya jawo lasifika uku.
Ta farko daga mota ta fito, om takwas,
ya ce za ta yi magana, amma kamar mai jin kunya.
Ta biyu zagayayya ce, kyakkyawa,
sai dai a yanke katakon fuska kafin ta shiga.
Na tuna Baba yana shafa katakon nan da man gyaɗa ranar Juma'a,
na ce a'a tun bai rufe baki ba.

Ta uku ya ciro daga cikin talabijin baƙi-da-fari
da gilashinsa ya fashe tun ina goye.
Tsatsa a wuyanta, mayen ƙarfenta ɗan ƙarami,
wani ya taɓa liƙe tsagarta da ƙaro.
Bra Kyari ya danna tsakiyarta da yatsu uku
ya ji ko za ta goga.
Ba ta goga ba.
Ya ɗauko pil, ya taɓa wayoyi biyu:
ƙas.
Kunnensa ya yi nauyi, shi ya faɗa mini,
yanzu da kan yatsa yake saurare.

Dalma ta narke, warinta ya tashi.
Muka jira fitilu su yi ɗumi,
jiran da yaran yanzu ba su san shi ba.
Sai shuuu, kamar ruwan famfo da ya dawo tsakar dare,
sai wata mata tana karanta sanarwar tunkiya da ta ɓata
a wajen Mirriya, baƙa, mai farin goshi.

Ba muryar da na sani ba ce.
Ta gidanmu tana da ƴar kakkarwa,
tana girgiza cokali a kan faranti in an ambaci farashin hatsi.
Wannan ta fi taushi.
Na yi shiru, na rasa ko godiya zan yi ko ta'aziyya.

Nan kuran ya ɗauke.
Fanka ta tsaya, mai walda ya yi tsaki,
amma rediyon bai yanke nan take ba:
matar ta ƙara kalma biyu, tana nisa, tana nisa,
jan fitilu na komawa toka.
Haka Baba ya tafi, yana tsakiyar zance.

Na biya jikka da rabi.
Bra Kyari ya miƙo mini tsohuwar, yagaggiya, cikin jarida.
"Tafi da ita," ya ce. "Ba a barin irin wannan a kasuwa."